Kwanon Ruwan Illa Mai Faci

Shekara ashirin da biyu Illa yana faci a gindin wata aduwa, a bakin hanyar da ta fita daga Tahoua zuwa Barmou. Tun da matarsa ta rasu, ba shi da abokan hira sai masu keke, kuma ƙayar tsidau ce ke kawo masa su. Yakan tsoma tub a kwanon ruwa yana neman inda iska ke fita, su kuwa su zauna a benci suna ba shi labarin gero da damina.

Wanda ya fi zuwa shi ne Ciɗo, wani manomi da ɗansa ya aiko wa keke mai ƙaton taya daga Abijan. Duk Lahadi, ranar kasuwa, sai ya iso yana tura keken, yana tsine wa ƙaya.

Rannan Illa ya ce, "Ciɗo, bari in raba ka da wahalar nan."

Ya cire tub ɗin gaba ɗaya. Ya goge rim, ƙarfen da taya ke zama a kai, ya rufe ramukan wayoyinsa da tef, ya ɗaura bawul na buga iska, ya zuba ruwan danƙo fari kamar madara a cikin tayar. Ya yi ta buga iska har bakinta ya kama rim. Sannan ya soka mata ƙaya da hannunsa, danƙon ya toshe hujin nan take.

Ciɗo ya baza labari, sauran masu keke ma suka kawo nasu, Illa ya yi musu.

Yanzu ran Lahadi Ciɗo kan wuce a guje, ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya yi albarka, Illa!" Kafin Illa ya ce amin, ya yi nisa.

Har yau, kowace safiya yana cika kwanon da ruwa. Kurciyoyi ke sha.