Fulogin Injina a Hular Baffa Jatau

Duk wanda ya taɓa yini a gidanmu ranar Asabar ya san ƙarar tsohon kwanon nan. Da zarar la'asar ta yi sanyi, sai Baffa Jatau ya fito tsakar gida yana bugun gindin kwanon da ɗan dutse, yana kira, "A kawo ƙarfe! A kawo ƙarfe!" Nan da nan kowa ya shiga nemo abin da ya yi aiki da shi a makon: fartanya, garma, lauje, gatari, shebur. Shi kuma yana tsaye a ƙofar ɗakin ajiya yana karɓa yana dubawa. In fartanya ɗaya ta yi ɓatan dabo ba zai rufe ba, sai an koma gona an nemo ta. Idan sun cika ya datse kwaɗo, ya rataya makullin a wuya da igiyar fata, ya ce, "To, ƙarfe ya kwanta. Saura ku." Ba mai sake ganin makullin nan sai safiyar Litinin.

Ku da kuka san shi na san kun fara dariya. Wanda bai san shi ba kuwa, Baffa Jatau yayan mahaifina ne, shi ya riƙe gidanmu a ƙauyenmu na gefen madatsar ruwan Watari bayan rasuwar babanmu. Dogo ne, siriri, da wata hular saƙa da ta riga ni zuwa duniya. Ni ne Ishaya, wanda ya fi kowa ƙorafi a kan makullin nan.

A cikin addinin kakanninmu aka haife shi, sai da ya yi aure ya shiga bin Almasihu. Duk ranar da Fasto ya ce ya tashi ya ba da shaida, mata sai su fara rufe baki da gyale, don sun san abin da ke tafe. "Ni fa ba waƙa ce ta kawo ni nan ba," zai ce. "Ubana ya fitar da ni gona tun ban kai tsayin fartanya ba. Damina noma, kaka girbi, rani kai taki da gyaran rumbu. Ba wanda ya taɓa ce mini zauna. Rannan ina wucewa da kaya a kai, na ji mai wa'azi na cewa akwai Allahn da ya yi aiki kwana shida ya huta, ya kuma ce kowa ya huta, har jaki. Na ce kai, wannan Allahn ya san noma! Na sauke kayan na zauna. To, zaman da na yi ke nan."

Maganar jakin nan kuwa bai ɗauke ta da wasa ba. Duk jakin da ya taɓa mallaka sunansa Gwamna, in wannan ya mutu wani ya hau. Ran Lahadi Baffa a ƙasa yake zuwa coci, yana jan ƙafarsa mai ciwo cikin rairayi, Gwamna kuma na gida a inuwar darbejiya yana cin harawa kamar wanda ya yi ritaya. Wata shekara, ranar godiyar kaka, bencina suka kasa, Fasto ya zo da sassafe neman aron Gwamna a ɗaura masa amalanke a kwaso na makaranta.

"Gwamna na hutu," in ji Baffa.

"Baba, aikin Ubangiji ne fa."

"Fasto, kai ka karanta mana. Da kunnena na ji ka ce har jaki. Ko ranar ba ka lura da abin da kake karantawa ba?"

"To ni da nake aiki duk Lahadi fa?"

"Kai kana da Litinin. Na sha wucewa ta gidanka ran Litinin da hantsi ina jin munshari. Gwamna ba shi da Litinin."

Ranar a kan tabarma rabin jama'a suka yi sujada. Baffa na gaba ya miƙe ƙafa, ya fi kowa ɗaga murya a waƙa.

Mutum ɗaya ce ta taɓa ƙure shi, wato Inna Saratu matarsa. Ita da kanta take ba mu labarin. Wata Asabar, tun suna da ƙuruciya, yana tsakiyar tara ƙarfe sai ga ta da taɓarya a kafaɗa, muciya a hannu.

"Wannan fa, Saratu? Ai ba ƙarfe ba ne."

"Jaki ya huta, ni in yini ina daka? Ashe Gwamna ya fi ni gata a gidan nan."

Ta ce nan take ya karɓa ya sa a ɗaki. Tun daga ranar, Asabar a tuƙa tuwo ninki biyu, Lahadi sai ɗumame. Shi kuwa a duniya ba abin da ya ƙi jini kamar ɗumame! Amma tun da bakinsa ya jawo masa, sai ya koma yabonsa a gaban baƙi. "Ci, ci, kada ka ji kunya. Tuwon da ya kwana ya fi hankali." Inna ta ce shekara arba'in tana kallonsa yana haɗiya yana runtse ido, ba ta taɓa tanka masa ba.

To, bari in zo kan nawa, don ba don in yi wa tsoho dariya kaɗai na ɗauki biro ba.

A shekarun nan ni ba ni da ranar zama. Litinin zuwa Juma'a ina koyarwa a wata firamare ta wajen Rimin Gado, in an tashi in wuce gona. Asabar ina dakon kaya a babur. Da rani ga tumatir a fadamar Watari. Ran Lahadi a bencin baya nake zama, dab da ƙofa, da an ce amin na ƙarshe na sulale, ko gona ko kasuwar Ɗanbatta, wadda Baffa ya ce rabonsa da ita tun yana bin tsafi, tun da ran Lahadi take ci. Makulli bai dame ni ba, don na sayi fartanya ta biyu na ɓoye a gona, ina ganin kaina mai wayo. Na rame, kaina kullum yana sarawa, sau biyu jiri yana ɗibata a gaban allo. Matata Hannatu ta yi magana har ta gaji. 'Yata Rahila kuwa, tana da shekara huɗu a lokacin, in na shigo sai ta ɓuya a bayan zanen uwarta tana leƙena kamar baƙo. Abin yana cin raina, amma sai in ce bari dai tumatir ya nuna tukuna.

Baffa kan dube ni ya girgiza kai ya ce, "Malamin makaranta, kai fa ko Gwamna ba zai yarda ku yi musanya ba."

Gonata tana sama da magudanar ruwa, sai da inji ake ɗaga mata ruwan. A ranin nan masu rabon ruwa suka sauya tsari, layinmu ya faɗo ran Lahadi, daga safe zuwa la'asar. In ya wuce ka sai wani mako. Ga tumatir yana fure, ga zafin bazara ya kankama. Ban gaya wa Baffa ba, na manta cewa a ƙauye ba a ɓoye ranar ruwa. Lahadi da sassafe na ɗauki injin daga zaure na ɗaure a babur, ko niyyar coci ban yi ba. Na isa gona, na jefa tiyo, na ja igiya. Shiru. Na ja, na sake ja, har kafaɗata ta riƙe. Na duba mai, akwai. Na kwance nan na ɗaure can, rana na dukana. Sai can na kai hannu wajen fulogi, ɗan abin nan da ke ba inji wuta ya tashi, na ji rami kawai!

Na dawo gida kamar zan tashi sama. An riga an taso daga sujada, Baffa na zaune a tabarma gindin darbejiya, Gwamna a gefensa.

"Baffa, ina fulogina?"

"Ina kwana, Ishaya."

"Ina kwana. Ina fulogin?"

"Ya je sujada." Ya ɗan ɗaga hula, ga shi nan kwance a tsakar kansa, ya mayar da hular. "Ya zauna tsit tun daga waƙar farko har aka tashi. Ya fi mai shi."

Ban yi dariya ba. Na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Na ce tumatir zai ƙone, na ce abincin gidan nan ne, na ce shi ai ya tsufa bai san yadda rayuwa ta koma ba.

"Ga hula a kaina," in ji shi a hankali. "In kana da hannun cire hular ubanka, zo ka cire."

Wa ya isa? Na juya zan hau babur in je neman wani fulogin, sai na ga ƙasa ta juya, bishiya ta juya. Ban san lokacin da na zube a gefen tabarmar ba. Hannatu ta kawo ruwa da gudu. Baffa ya jira na sha, sannan ya yi magana, ba tsokana a muryarsa ko kaɗan.

"In tumatir ya ƙone, baɗi ka dasa wani. Kai in ka ƙone, wa zan dasa? Ubanka bai fi ka da shekara biyar ba lokacin da ya faɗi a tsakiyar gona da fartanya a hannu. Ran Lahadi ce. Makullin nan yana wuyana. Shi ma ta biyu ya saya ya ɓoye."

Na san a gona babanmu ya rasu, amma ba wanda ya taɓa gaya mini sauran. Na kwanta a tabarmar da niyyar jiri ya sake ni in tashi, ashe barci ne zai kwashe ni har la'asar. Abin da ya tashe ni, wani ɗan nauyi ne a ƙirjina. Na buɗe ido na ga Rahila zaune a kaina tana tsinkar gashin gemuna, tana kira, "Mama, Baba yana da furfura!" Rabon da yarinyar nan ta taɓa ni da kanta har na manta. Ba zan ɓoye muku ba, hawaye na yi.

Kada ku ɗauka wani abin al'ajabi ya faru a gona. Da na je ran Litinin, rabin tumatir na sama ya yi yaushi, furen ya zube. Rabin ƙasa kuwa jiƙe yake sharkaf. Maƙwabcina a gona shi ne Malam Sabi'u, mai koyar da Alƙur'ani a ƙauyen da ke gaba da namu, abokin Baffa tun suna kiwon awaki. Na tambaye shi, ya kau da kai ya ce tiyonsa ne ya kuɓuce yana sallar azahar, bai lura ba. Baffa, wanda ko baƙo bai yarda ya yi wa gidansa aiki ran Lahadi ba, ya taka har gonar.

"Malam, aiki ka yi mana ran Lahadi?"

"Ni? Haba Jatau! Tiyo ne."

"To, a ja wa tiyo kunne."

Har ranin nan ya ƙare, duk Lahadi sai tiyon ya kuɓuce. Ran Juma'a kuma, in Malam ya tafi masallaci, sai ka ga Baffa zaune a bakin gonar Malam yana korar awaki, wai shan iska ya fito. Ban samu rabin abin da na saba samu ba a shekarar, mun ɗan matsu, amma mun ci mun sha. Asabar ɗin da ta biyo baya, da aka buga kwano, na kawo fartanyar da na ɓoye. Baffa bai ko ɗaga ido ba, ya ce, "Ta gindin giginya? Ai na daɗe ina gaishe ta."

Bara da damina Baffa ya kwanta ciwo. Ranar Asabar ya sa aka kawo masa kwanon har shimfiɗa, ya buga sau biyu, ƙarar ko zaure ba ta kai ba. Muka tara ƙarfe, na datse kwaɗo, na rataya masa makullin. Lahadi jiki ya tsananta. Fasto ya zo da dattawa suna addu'a, Inna Saratu na kuka a gefe. Sai ya buɗe ido ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Ku daina, ba yau ba ne. In tafi yau in sa mutane haƙa ran Lahadi? Ku je ku ci ɗumamenku."

Ya cika ran Litinin, rana ta ɗan ɗaga. Da masu haƙa kabari suka taru aka nemi diga da shebur, sai aka tuna suna kulle. Kowa ya juyo yana kallona. Na shiga ɗakin, na durƙusa, na ɗaga kansa na zare igiyar fatar daga wuyansa. Malam Sabi'u na tsaye a bakin ƙofa yana share ido da hannun riga, ya ce, "Jatau ke nan. Ko wannan ma sai da ya jira Litinin." Muka fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, ba wanda ya iya tsayar da wani.

Yanzu makullin yana wuyana, hular ma tawa ce, duk da ta yi mini ɗan yawa. Ran Asabar in la'asar ta yi sanyi ni ke bugun kwanon, kuma kafin in rufe ɗaki sai na kwance fulogin na sa a hular, don na san halina.

Ya Ubangiji, ga bawanka Jatau nan ya zo maka a gajiye. Ka ba shi inuwa da tabarma, ka bar shi ya miƙe ƙafarsa mai ciwo. Mu kuma da muka rage, ka koya mana ajiye ƙarfe da hannunmu tun 'ya'yanmu na iya hawa ƙirjinmu. Amin.