Ranar da Aka Rufe Sama da Ƙarfe Sha Ɗaya

Shekara biyu na yi ina koyon tuƙin ƙaramin jirgin sama a ranakun hutu. Sauran kwanakin mako kuwa ina ofishin kago, inda ake aika kaya, a unguwar Al Khabaisi ta Dubai ina auna katan-katan ɗin 'yan kasuwa. Ranar da na karɓi lasin na buga wa Baba waya a Kano. Ya ce, "To, Allah ya sa albarka. Kayan mutanen nan sun taso kuwa?" Iyakar murnar da na samu ke nan.

Baba ɗan kasuwar yadi ne, Dubai yake zuwa sari. A zuwansa na ƙarshe gwiwa ta matsa masa, ya faɗa da bakinsa cewa daga wannan ya ajiye tafiya. Ni kuwa abu ɗaya nake so a duniya: ya zauna a gefena sau ɗaya tak, ya ga jirgi ya tashi a hannuna. Kwana uku ina yi masa naci. A na huɗu ya ce, "Khalas, shi ke nan, mu je ranar Asabar." Lahadi zai koma gida.

Wanda bai sani ba ɗauka yake matuƙi shiga kawai yake yi ya murɗa makulli. Tun Alhamis na baje taswira, na zana hanya: mu bi gaɓar teku, mu juyo ta kan rairayi, minti arba'in. Na lissafa mai, na duba iska. Har sikelin kago na lallaɓa Baba ya hau, don dole in san nauyinsa, yana ta mita wai na mai da shi dilar atamfa.

Sai na buɗe sanarwar da ake fitar wa matuƙa kafin tashi, wadda muke kira notam. An rufe sararin yankin filinmu ranar Asabar, daga sha ɗaya na safe har faɗuwar rana. Irin wannan rufewa ba a tsayawa yi maka bayani, ba kuma wanda za ka je ka roƙa. Da agogon duniya ake rubuta lokacin, sai ka ƙara awa huɗu ka sami na Dubai. Sau uku na ƙara, sha ɗayan dai ce.

Bayan la'asar na yi wa Baba bayani. Filin yana wajen gari, tafiyar awa guda da 'yan mintuna. Mu bar gidana a Abu Hail bakwai da rabi, mu tashi, mu sauka kafin a rufe.

"Idan sha ɗaya ta yi fa?" in ji shi.

"Ba mai tashi, Baba."

"Ko kai?"

"Ko ni."

Ya gyaɗa kai.

Da safe muna shiga mota ya ce mu biya kasuwar Deira ya yi sallama da abokinsa, wani dattijo mai shagon yadi da suka daɗe tare. Minti biyar, in ji shi. Na san minti biyar ɗin dattawa, amma na karkata kan mota.

Aka kawo shayi. Aka aika sayo gurasa da ƙwai. Suka ɗauko labarin wani da ya rasu, suka gangaro kan 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ya auri wa. Ina rakuɓe a bakin ƙofa ina satar kallon agogo. A gidanmu ɗa ba ya ce wa ubansa tashi mu tafi, balle a gaban abokinsa. Takwas da rabi ta wuce. Da ƙyar na iya cewa, "Baba, rana tana yi."

Dattijon ya yi dariya. "Shwaiya shwaiya, a hankali, ɗana. Ina saman za ta je?" Ya sake cika wa Baba kofi.

Tara da rabi muka fito. Sha ɗaya saura kwata muka isa filin. Mutumin da ke kan teburin ofishin filin ya dubi agogo, ya dube ni, ya girgiza kai. Bai yi laifi ba, duba jirgin kaɗai kafin a kunna shi ya fi wannan kwatar. Baba ya zagaya jirgin yana ɗingishi, ya ƙwanƙwasa fiffike kamar mai gwada tukunya a kasuwa, ya ce, "Ashe ɗan mitsitsi ne. To, Allah bai nufa ba."

Na daɗe ina jin haushin kaina. Mutum ya iya magana da hasumiyar filin jirgi cikin Turanci, amma ya kasa buɗe baki a shagon yadi. Kullum na tuna sai in ce da na daure na yi rashin kunyar minti ɗaya, da ya gani.

Bayan shekara da 'yan watanni Baba ya rasu. Da na dawo daga Kano mutane suka riƙa zuwa yi mini ta'aziyya, har da dattijon nan. Ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya shiga tuna halayen abokinsa, yana murmushi yana share ido.

"Allah ya jiƙansa, akwai dabara," ya ce. "Ka tuna ranar jirgin nan? Tun Juma'a ya kira ni, ya ce Alhaji, gobe ka riƙe mana yaron nan har tara da rabi. Ya ce ka riga ka ɗora rai, ba zai iya ce maka a'a ba, amma shi kam ba zai hau abin da kai za ka tuƙa ba."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, a ganinsa labarin ƙauna yake ba ni. Na yi masa godiya, na raka shi har bakin lif, don haka ake yi.

Na yafe wa Baba, amma ɗacin bai tafi ba. Ya yi rayuwarsa yana hawa jirgi, yana barci a hannun mutanen da bai taɓa ganin fuskarsu ba. Matuƙi ɗaya ya sani a duniya, kuma jirginsa kaɗai ya ƙi hawa.