Fegin Shanya a Bakin Bargon Iya

A gidanmu na Agege, tatsuniya ba ta fitowa sai dutsen guga ya yi zafi. Da an idar da magariba, Iya, kakarmu ta wajen uba, takan jawo kurfoti bakin ƙofarta, ta ɗebi garwashi ta zuba a dutsen, mu jikoki mu kewaye ta. Hon ɗin motocin haya na danfo na shigowa daga titi, ita kuwa bargo ne shimfiɗe a cinyarta.

Sana'arta ke nan. Takan tsinto ƙyallaye wajen teloli, ta harhaɗa su, ta sa tsohon zane a tsakiya ta ɗinke. Wahalar tana wajen daje baki, wato naɗe gefen bargon da siririn ƙyalle don kada ya zare. Aiki ne mai son a riƙe maka, ga shi sanyin ƙashi ya lanƙwashe mata yatsu. Sai ta samo dabara. Ta soke doguwar allura a tsumman guga, ta zura ƙyallen ta ƙarƙashinta. Tana ja yana ninkuwa da kansa, tana bin sa da guga. Faɗinsa guntun kwalin sukari ke auna mata. Sannan ta kama shi a gefen bargon da fegin shanya, ɗaya bayan ɗaya, ta ɗinke abinta.

Akwai wani yammaci da ban manta ba. Baffa Sani, ɗanta, ya dawo daga mayanka, ta ce, “Sani, ɗan riƙe mini nan.”

“Ina zuwa, Iya,” in ji shi, ya fice.

Ta kira mahaifiyata, ta ce tuwo take kwashewa. Ta juyo kaina. “Rabi, ke fa?”

Na ce, “Sai kin ba mu tatsuniya tukuna.”

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta jawo gwangwanin feginta ta ce, “Oya, ku matso, ga ta nan tafe.”

Wai wata mata ce a bakin kogi take ɗinka wa 'ya'yanta bakwai bargo kafin sanyi ya sauka. Kullum sai su zo su zaɓi gurbi, wannan ya ce jan nawa ne, wancan ya ce shi tsakiya zai kwanta. Da ta zo daje baki ta ce a riƙe mata, kowa ya tuno wani uzuri. Ta zauna ita kaɗai, ta kama nan can ya kuɓuce. Sai ƙaguwoyi suka fito daga ruwa suka jeru, kowace ta damƙi gefe har ta gama. Ranar da sanyi ya zo, 'ya'yan suka rugo za su shige, suka tarar ƙaguwoyi sun riga su. Duk wanda ya miƙa ƙafa sai a mintsine shi.

“Ta ƙare,” in ji Iya. “Ku tashi mini.”

Muka yi ta dariya muna mintsinin juna. Ita ba ta ko murmusa ba.

Na kai shekara talatin lokacin da ta rasu. A zaman makoki Baffa Sani ya shigo wajen mata karɓar gaisuwa, yana faɗi da alfahari: “Iya ai ba ta taɓa neman taimakon kowa ba. Dabara gare ta. Da fegi kawai take aikin mutum uku.” Mata na ta gyaɗa kai.

Na ce, “Baffa, ta nema. A gabana ta nema. Ba mu riƙe ba ne.”

Mahaifiyata ta harare ni, wai ba a yin haka a gidan mutuwa. Baffa ya karkaɗe rigarsa ya fita. Har yau gaisuwarmu ba ta wuce ina kwana.

Ban yi nadama ba. Shekara da shekaru muna yabon basirarta, saboda yabo ya fi tsugunawa a riƙe mata sauƙi. Mun fi mutum goma a gidan nan, kowa da hannu biyu lafiyayyu, kuma kowannenmu da bargonta yake rufa. In haushin Baffa ya taso mini yanzu, ba ya daɗewa a kansa. Da na ƙirga 'ya'yan matar tatsuniyar nan bakwai, sai in ga ina ciki.