Giyayyar da na sa aka sare

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Idi mai garka, kuma har yau ban iya bin bakin tafkin Madarumfa kaina a ɗage.

Baba yana da wata al'ada. A gindin garkarmu akwai tsohuwar giyayya, itacen nan da kan yi wata uku cikin ruwa ko a jikinsa. Duk damina, in ambaliya ta ja baya, sai ya sa wuƙa ya yi tsaga a jikinta daidai inda ruwa ya tsaya. Da waɗannan tsagogi yake sanin abin da zai dasa: giyayya da bagaruwa a kwari, mangwaro can kan tudu.

Ni kuwa na dawo daga lakwal, makarantar boko, kaina ya yi girma, har ana ce mini Mushe, wato malam da Faransanci. Na kawo dashen mangwaro mai aure, na ce kwarin nan mai danshi ai asara ce a bar wa itacen da ba a cin 'ya'yansa.

"Mushe, ka tambayi ruwa?" in ji Baba.

Na yi dariya. Wallahi dariya na yi wa tsohon nan, a gaban maƙwabta. Na matsa masa har ya ce, "To, yi yadda ka gani, kai ka yi karatu." Aka sare giyayyar da tsagoginta duka.

Damina ta biyu Gulbi ya cika ya tumbatsa. Mangwaron ya ruɓe a tsaye. Da babu isasshiyar saiwar da za ta riƙe ƙasa, ruwa ya ci rabin garkar da Baba ya gada. Bai taɓa ce mini uffan ba. Da ma ya zage ni, da na samu bakin neman gafara. Na yi ta cewa gobe, har aka kai shi makwancinsa.

Yanzu ina ganin samari suna jera dashen furoje, na masu aikin tallafi, a kwari, kowane iri aka ba su. Na san abin da zai tambaye su. Ni ma nakan tambaya, su kuma su yi mini irin dariyata.

Kututturen giyayyar da Baba ya hana a tone ya yi toho, shi ke riƙe da sauran garkar. Duk damina nakan je da wuƙarsa. Tsaga bakwai gare ni. Nasa sun fi talatin, ni na kai su murhu.

Allah Ya jiƙan Baba.