Nonon Dija a Makon Harafin K

Wata Asabar ce da hantsi, bayan an gama yankan gero, a shekarar da na cika biyar. Mu bakwai muna zaune a kan tabarma a inuwar rumbun gidanmu, a wani ƙauye kusa da Bande, kowa ya ɓoye abin da ya kawo a bayansa. Makon harafin K ne. Sani ya fito da karan dawa, ni na fito da kwalbar turaren Inna da na wanke tun jiya, Habu kuwa kaza ya rungumo, tana ta fisge-fisge har ta kuɓuce masa ta haye danga. Da aka zo kan Dija, sai ta ajiye 'yar ƙwarya a gaban Gwaggo Rabi, ta ɗaga faifan a hankali. Nono ne, fari ƙal. Ni ce na fara fashewa da dariya. "Nono ai ba K ba ne!" na ce, sauran kuwa suka ɗauka. Dija ta mayar da faifan, ta ɗora ƙwaryarta a ka, ta fice.

Gwaggo Rabi ƙanwar babanmu ce, kuma ita kaɗai ce mace a gidan da ta yi lakwal, wato makarantar boko, har aji shida. Ta lura yaran ƙauyenmu na shiga ajin farko ba su taɓa ganin harafi ba, ga mushe, wato malamin ajin, na yi musu faransanci, kafin wata uku rabinsu sun gudu. Shi ya sa ta tara mu, 'ya'yan gida da na maƙwabta, tun ba mu isa shiga ba. Ba ta da allo, ba ta da alli. Ƙasar tsakar gida take sharewa ta zana harafi da tsinke, kuma harafin nan shi ne namu har mako ya ƙare. Makon B mun mulmula shi da laka muka shanya a kan katanga. Makon D mun jera ƙwayar dawa a kan zanen, kaji na binmu suna tsincewa. Makon G ta zaunar da mu muna ɓarar gyaɗa muna kiran sunanta, sai da na girma na gane aikin Inna take rage mata da hannuwanmu. Kullum takan ce, "Ku taɓa shi tukuna, sannan ku faɗi sunansa."

Dija 'yar Fulanin da ke zaune bayan gonakinmu ce, suna noma suna kiwo. Mahaifiyarta ce ke kawo mana nono, ita ce kuma ta roƙi Gwaggo ta karɓi yarinyar. Mahaifinta bai so ba, don Dija ce ke tsaron 'yan maruƙa. Hausarta kaɗan ce a lokacin, ba ta cika magana ba, amma idonta ba ya barin tsinken Gwaggo.

Bayan ranar dariyar, Dija ba ta sake zuwa ba. Makon Ƙ ya wuce, muka ci ƙosai ba da ita ba. Sai wata safiya Gwaggo ta yafa gyalenta, ta kama hannuna ba tare da ta gaya mini inda za mu ba. Muka bi ta cikin gonaki, ƙarangiya na maƙale mini a zani, har rugar su Dija. Mahaifiyar Dija ta shimfiɗa mana tabarma. Ta ce mai gidan ya yanke magana, tunda wasa ake yi da yarinyar, gara ta koma wa maruƙanta. Ta ce ran nan tun da asuba Dija ta tashi ta nace sai an zuba mata kosam ta kai wa malamarta.

"Sai an zuba mata me?" in ji Gwaggo.

"Kosam. Haka muke ce wa nono."

Gwaggo ta ɗauki tsinke ta rubuta kalmar a ƙasa, ta zagaye harafin farko, sannan ta dube ni. Ko ni na gane shi. Ta kira Dija daga bayan bukka ta ce, "Ke ce da gaskiya, 'yata. Mu ne ba mu tambaye ki ba." Muka zauna har mahaifin ya dawo daga shayar da shanu. Gwaggo ta durƙusa ta gaishe shi, ta daɗe tana roƙo, ni kuwa ina ta tonon ƙasa da ɗan yatsa, kunya ta hana ni ɗaga kai.

Dija ta dawo a makon L. Daga nan kowane harafi sai Gwaggo ta tambaye ta abin da ke farawa da shi a bakinsu, mu maimaita muna karya harshe, ita ma ta samu abin yi mana dariya. Tare muka shiga lakwal, kuma ita ce ta fara haɗa baƙi ta karanta kalma a ajinmu. Muna aji uku suka tashi da shanunsu suka koma wajen Guci. Tun daga nan sai dai labari.

Yanzu ina zaune a Damagaram. 'Yata tana koyon haruffa a wani aji mai siminti, da hotuna masu launi a bango, da yamma kuma ta karɓi wayata ta ci gaba. Ta fi mu saurin ganewa, ban musa ba. Amma ba ta taɓa tashi da wuri tana laluben gida don neman abin da za ta kai ba, ba kuma wanda zai taka gonaki saboda ta yi fashin mako ɗaya. Gwaggo ta rasu, rumbun ya rushe. Wani lokaci in na ga mata masu tallar nono sun wuce ta ƙofar gidana, nakan tsaya ina duban fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Gwaggo ta ba Dija haƙuri a madadinmu duka, amma ni har yau ban ba ta nawa ba.