Bashiru da Manhajar da ta San Bayan La'asar

Ina cikin keke a Gawon Nama, a hanyata ta zuwa gidan rediyo, Saratu ta kira ni. Ko sallama ba ta yi ba. Ta ce, "Anti, Bashiru ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Na ce wa mai keke ya juya Runjin Sambo, unguwar su Bashiru.

Ga wanda bai san shi ba, Bashiru ne ya ƙera Wuni, manhajar tsara ayyukan yini a waya, shi kaɗai a zauren gidansu. Ni kuwa ina gabatar da shirin hira da matasa masu ƙera manhaja don kansu, ba a ƙarƙashin wani kamfani ba. Ranar da ya fara zuwa, da faɗa na tare shi, domin na gaji da manhajojin waje masu tambayata ƙarfe nawa da minti nawa, sannan su shafa mini ja in na makara. Na ce, "Kai ma wani sabon mai gadin ka kawo mana?"

Ya yi dariya. "Anti, mi kika ce ma telanki in za ki amshi ɗinki?"

"Bayan La'asar."

"To ita ma haka za ki ce mata."

Ya miƙo mini wayarsa. Babu ƙarfe kaza a ciki. Akwai bayan Asuba, hantsi, kafin Azahar, tsakanin Magariba da Isha'i. In lokacin salla ya matsa, ayyukan su matsa tare da shi. Ba ta neman data, kuma wanda bai iya rubutu ba sai ya faɗa mata da baki. Na manta makirfo a kunne yake, na yi ta jero tambayoyi har muka cinye lokacin labarai. Na karanta littattafan tattalin lokaci iya karatu, ban taɓa ganin wanda ya zauna ya saurari yadda muke yin alkawari ba sai shi.

Abin da ya fi burge ni wani madanni ne da ya rubuta wa "An yi rasuwa". In ka taɓa shi, duk ayyukan ranar su koma gaba, babu ja, babu tsawa. Dubiya da barka ma cikin aiki ya sa su. Yakan ce, "Wanda ya tai jana'iza bai ɓata wuni ba." Yakan kuma ce, "Manhajar da ka sa mutum kunyar zumunci ba ta da tarbiyya." A ƙofar gidansu ranar jana'izarsa na ga mahauta da malaman makaranta suna taɓa wannan madanni. Ni ma na taɓa.

Ba zan ɓoye fushina ba. Ofisoshin da suka riƙa kiransa taro, su ba shi ruwan roba, su ɗauki hoto da shi, sannan su sayo manhajar da ba ta san ranar Juma'a ba, su ne yau kan gaba wajen yabonsa. Su riƙe yabonsu. Yana da rai ya bukaci a gwada aikinsa.

Tsorona kuwa ɗaya ne. Manhaja ba rijiya ba ce da za a gina a bar wa jikoki. Wayoyi suna canzawa, in babu mai gyara sai ta daina buɗewa. Tuni Wuni ta fara rufe kanta a sababbin wayoyi, kuma gyaran yake yi ciwo ya kwantar da shi. A zaman makoki na ji wani yana cewa, "Ai ta bi mai ita." Da ƙyar na riƙe bakina.

Saratu, wadda ta kira ni, ita ma mai ƙera manhaja ce, kuma babu wanda ya kai ta musu da Bashiru. A shirina ta taɓa ce masa wauta ce ya bar rubutun da ya gina Wuni a buɗe ga kowa. Ya ce, "Ɗiyar Malam, abin da ka ɓoye shi ka mutuwa da kai."

Da aka tashi makoki, ta same ni a ɗakin Rabi'atu, matarsa, ta ajiye wata sabuwar waya a cinyata.

"Anti, buɗe."

Na buɗe Wuni. Ta tsaya, ba ta rufe ba.

"Inda ya tsaya na ɗora," in ji ta. "Gardamar dai shi ya ci. Rabi, in kin yarda mu sake ta gobe, da sunanshi."

Rabi'atu ta share ido ta ce, "Ku sake ta. Da ita nike tuna maganin Inna."

Ya Allah, ka jiƙan Bashiru, ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa. Ka sa duk wanda manhajarsa ta kai shi sahun salla ko gidan mara lafiya ya zama lada a mizaninsa. Ka ba Rabi'atu da Inna, mahaifiyarsa, haƙuri, ka raya 'ya'yansa cikin albarka, ka ƙarfafa hannun Saratu. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.