Agogona da Inna Hansai

Kun daɗe ba ku ji ni a nan ba. Tsufa ne da ciwon gwiwa. Amma wata 'yar'uwa ta rubuto mini cewa ta kasa addu'a, tana tsoron Allah ya rabu da ita, shi ya sa zan faɗi labarin da na yi shekara hamsin ina ba da rabinsa.

Ina koyarwa a firamare a Gwaram, shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa. Mu Kirista ba mu fi gida shida ba, a ɗaki guda muke sujada, ni ce kuma mai jan addu'ar zumuntar mata. Ba wanda ya san bakina kawai ke aiki. Shekara biyu ina rufe ido ina jero kalmomi, mata na cewa amin, ni kuwa cikina wayam.

Sai tari ya zo. Na ce ƙurar alli ce. Zazzaɓin yamma ya biyo baya, na rame har zani ya ƙi zama. Ranar da na ga jini a hankici, maigidana Bitrus ya sa ni a mota sai asibitin Birnin Kudu.

Aka ɗauki kaki sau uku, aka yi hoton ƙirji. Likita ya ce, "Malama, tarin fuka ne. Allura kullum, wata uku kina kwance."

Na ji tsoron mutuwa, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne zan mutu ba na magana da Allah. Magani kyauta ne, kuɗin mota da ƙwai da madara ne suka cinye keken Bitrus. In ya zo ya ce mu yi addu'a, sai in ce tari ya hana ni.

A gadon kusa da ni akwai wata tsohuwa daga Sundimina, Inna Hansai, ciwonmu ɗaya amma nata ya yi nisa. Daga gadonta ba a ganin rana. Da ta hango agogo a hannuna ta ce, "'Yar nan, kya riƙa gaya mini lokacin salla?"

Na zama ladaninta. In ce, "Inna, lokaci ya yi," in miƙa mata dutsen da take taimama da shi, tunda ba ta iya alwala, ta yi sallarta a kwance.

Wata rana ta ce, "Ke kuma yaushe kike yin taki?"

Na ce, "Inna, tawa ta bushe. Ba na jin komai."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Wa ya ce miki kullum nake ji? Lokaci ya yi, in yi. Sauran ba aikina ba ne."

Daga ranar, in ta fara, sai in buɗe Zabura. Kada in yi muku ƙarya, mako shida ban ji komai ba. Cinya duk ta kumbura da allura, kunne na ƙara, ina bin layi da ido kamar mai duba rajista.

Wata safiya 'ya'yanta suka zo suka ce gara ta cika a ɗakinta. Suka tafi da ita. Ƙarfe biyu ta yi, na duba agogo, na juya na ce, "Inna, lokaci ya yi." Gado babu ko zanin shimfiɗa.

Na rasa wanda zan gaya wa, sai na ce, "Ubangiji, na gaji." Kalma uku ke nan, amma su ne na farko cikin shekara biyu da na san akwai mai ji. Na yi kuka har nas ta zo da gudu.

Bayan wata uku kaki ya fito lafiya, aka sallame ni da ƙwayoyin shekara guda. Na koma na gaya wa matan zumunta gaskiya. Biyu suka ce su ma haka suke.

Na gode wa Allah, da nas-nas ɗin nan, da Bitrus da ya riga ni tafiya.

In tari ya wuce mako biyu, ku je a duba, kuma kada ku yanke magani don kun ji sauƙi. Ke kuma 'yar'uwata, bushewar ta sha dawo mini, har bana. Ki tsai da lokaci, in ya yi ki zauna, ko da "na gaji" kaɗai za ki iya faɗa.